Hayaƙin Inna Tamu

Sallama gare ku masu bibiyar labarina. Baiwar Allah da ta turo min saƙo tana tambayar dalilin da ya sa duk hoton da na ɗora bakina a tsuke yake kamar an yi min faɗa, yau za ki ji amsarki. Don Allah kada ki yi min dariya, ni kaina na daɗe ban yi ta da baki buɗe ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Mubina, 'yar Aliero, ina aji uku a jami'ar garinmu. Babana Alhaji Ummaru fataucin albasa yake yi, har motarsa ƙamshinta take yi ko an wanke ta sau goma. Amma ni ba a ɗakin mamata na tashi ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, mahaifiyar Baba, Inna Tamu. Har yau katifata tana gefen gadonta mai rumfa, ƙarƙashin jeren kwanonin samira da babu wanda ya isa ya taɓa sai ranar wanki.

Inna tana da sana'ar da ta gada wurin mahaifiyarta, cire tsutsar haƙori. Mata daga Gehuru, daga Kimba, har daga Maiyama suna zuwa da hannu a kunci. Za ta sa guntun ƙarfen fartanya a garwashi sai ya yi ja, ta ɗora shi kan dutse a tsakiyar ƙwaryar ruwa, ta zuba masa irin albasa da ta cuɗa da man shanu, ta kife da mazurarin duma. Mai ciwo ya sa baki a kan mazurarin, hayaƙi ya shiga. In an ɗaga sai ka ga wasu farare sirara suna yawo a ruwan, Inna ta ƙirga su da tsinke ta ce ga ɓarayin nan sun fito. Sai ta ba mutum kanumfari ya danne wurin, ta ce ya riƙa kuskure baki da ruwan gishiri. Tun ina shekara tara nake riƙe mata ƙwaryar, kuma wallahi ban taɓa shakkar abin ba, ido na ne yake gani.

To sai ga Rilwanu.

A bikin ƙawata Munira muka haɗu a Maiyama, garinsu, wata takwas da suka wuce. Ina sanye da atamfa ruwan zuma ta ankon ƙawaye da mayafi baƙi, shi kuma an ba shi wayar amarya ya ɗauke mu hoto. Kowa ya washe baki ban da ni. Ya ce, "Ta gefen hagu, ko an hana ki kason naman ne?" Na ja mayafi na rufe baki ina dariya, shi kuma ya ɗauka kunya ce. Daga baya ya gaya min wai wannan kunyar ce ta sa ya nemi lambata. Oh ni Mubina, da ya san abin da mayafin nan ya rufe.

Sai da muka yi mako biyu muna waya na tambaye shi aikinsa. Ya ce a asibiti yake a Jega, sashen haƙori. Shi ne mai wanke haƙora da cike rami, yana kuma taimaka wa likita in za a yi cira. Jin haka sai da na zauna a bakin rijiya. Duk samarin jihar Kebbi, a rasa wanda zai so ni sai mai leƙa bakin mutane.

Domin ina da rami a haƙorin sama na hagu, wanda yake bin fiƙa, tun ina sakandare. Gullisuwa da tuwon madara ne suka yi min wannan aikin, ban zargi kowa ba. Ya yi baƙi, in na yi dariya sosai ana hango shi. Sau uku Inna tana min hayaƙi, sau uku tsutsa tana fita, in samu sauƙin kwana biyu ciwo ya dawo. In Rilwanu zai zo zance sai in ɗaura takunkumin fuska in ce ƙura ce ke tayar min da atishawa, ko in zauna ta yadda hagu na yana wajen bango. Ban taɓa gaya masa ramin ba, ban kuma taɓa gaya masa sana'ar Inna ba.

Da maganar turo manya ta taso, Baba ya ce shi bai ga aibun yaron ba, ya yi bincike a Maiyama an yabi gidansu. Amma ya ce ba shi ya raine ni ba, wadda ta raine ni ita ke da ta cewa. Na same ta tana tsintar wake a tsakar gida, na tsuguna ina wasa da bakin hijabina, na yi mata bayani. Ta saurare ni tiryan-tiryan har na kai kan aikinsa. Nan ta aje faifan.

"Mai filaya? Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ka cire ma mutane haƙora. Na ga abin da anka yi ma Talatu."

Talatu ƙanwarta ce, ta rasu kafin a haife ni. Tana amarya wani mai yawo kasuwa-kasuwa ya cire mata haƙorin sama da filaya a ƙarƙashin rumfa, fuskarta ta kumbura, kafin wata ya ƙare idonta ɗaya ya mutu. Tun daga ranar Inna ta yanke cewa jijiyar haƙorin sama a ido take ɗaure, wanda ya ja ta ya ja ido. Na yi ƙoƙarin nuna mata asibiti daban, kasuwa daban, ta ce filaya dai filaya ce ko an sa mata farar riga. Ta kafe kai da fata. Mamata ta sa baki aka ce ta yi shiru, Baba ya ce in yi haƙuri in bi ta a hankali. Ina son Rilwanu, wannan ba zan ɓoye muku ba. Amma matar da ta goya ni har na yi wayo, ba zan iya shiga ɗakin aure tana juya min baya ba.

Rilwanu kuwa na ce masa Inna tana nazari. Ya ce Allah ya sa nazarin ya faɗo ta wajensa, ya aiko mata da goro fari da turmin atamfa. Ta ci goron, ta ce atamfar a aje.

Ana cikin haka haƙorin ya tashi da gaske. Wannan karon ba irin na da ba ne, bugawa yake yi kamar ana daka a cikin kaina. Na daina zuwa lacca, na daina ɗaga kiran bidiyo. Ranar Litinin da la'asar saƙonsa ya shigo:

"Ranki ya daɗe, jiya muryarki kamar kin cika baki da goro. Lafiya dai?"

Na rubuta, "Mura ce kawai."

"Turo hoto in ga murar."

Na shiga cikin hotuna a gigice na tura wanda na ga na yi kyau. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa:

"Wannan na bikin Munira ne. Ni na ɗauke shi. Mubina, me kike ɓoye min?"

Na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin filo, na yi kuka har kukan ya ƙara min ciwon.

Talata da safe na tashi sallah na ji fuskata ta yi nauyi. Na duba madubin da ke jikin kabad ɗin Inna, sai da na ja da baya. Kuncina na hagu ya haye har ƙasan ido, idon ya rage kamar tsagar asusu, jikina zafi rau. Inna ta kalle ni, sannan ta ce in hura gawayi, yau za ta fitar da uwar tsutsar gaba ɗaya. Ta cuɗa irin da man shanu, ta ce in ƙarfen ya yi ja in fara, ai na san yadda ake yi, ita za ta leƙa maƙwabta ta karɓo kanumfari don nata ya ƙare.

Ƙarfe ya yi ja. Na ɗora shi a dutsen, na zuba irin, na kife mazurari. Na sunkuya zan sa baki, bakin ya ƙi buɗuwa. Muƙamuƙina ya riƙe, ko yatsa biyu ba za su shiga ba. Na koma na jingina da turmi ina hawaye, ina kallon hayaƙin yana fita ta bakin mazurarin yana tafiya sama abinsa.

Inna ta dawo, ta ɗaga mazurarin, ta sa tsinke tana ƙirgawa. Ta ce bakwai, dubi wagga mai ƙiba, ita ta hana ki barci.

Na ce, "Inna, ban sa baki ba."

Ta ɗago ta kalle ni. Na sake faɗa, na nuna mata yadda bakin ya ƙi buɗuwa. Ba ta yi min musu ba, ba ta kuma yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zubar da ruwan, ta ɗebo sabo da hannunta, ta mayar da ƙarfen wuta. Muna zaune muna kallonsa har ya sake yin ja. Ta zuba iri ta kife, babu bakin kowa a wurin sai ni da ita da kaji. Da ta ɗaga, ga su nan farare suna yawo. Ta tsamo ɗaya, ta murje shi tsakanin yatsunta, ta kai hanci. Cikin irin ne zafi yake fasawa ya fito kamar zare.

"Albasa," ta ce a hankali. "Shekara arba'in, albasa nika ƙirgawa."

Wallahi a lokacin na manta da ciwona, tausayinta ya kama ni. Na ga tsufanta a fili. Sai ta matso ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen haske tana duban idon. Ta ce haka na Talatu ya hwara. Ta tashi ta jawo mayafinta daga igiya, ta ce in kira mai filaya, amma in gaya mishi magani za shi ba ni, ba cira ba.

Kira ɗaya ya ɗaga. Ban iya dogon bayani ba, na kunna bidiyo na nuna masa fuskata. Ya yi salati, ya ce kada a gasa wurin da komai mai zafi, kada a matsa, mu taho yanzu-yanzu. Baba ya baro kasuwar albasa ya ɗauke mu. Tsakanin Aliero da Jega ba wata tafiya ba ce, amma ranar kowane rami a hanya sai da na ji shi a cikin haƙorina.

A bakin ƙofa muka same shi da farar riga, har ya yanko min kati. Ya durƙusa ya gaida Baba da Inna, ita ta amsa a taƙaice tana duban hannuwansa kamar za ta ga filayar. Da muka shiga ya ce in cire takunkumin da na ɗauro daga gida. Jama'a, na gwammace ƙasa ta tsage in shige. Ya haska da 'yar fitila ta ɗan wurin da bakin ya buɗu, ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun kafin bikin Munira. Ya kashe fitilar.

"Kullum ina roƙon mutanen da ban sani ba su riƙa zuwa da wuri," ya ce, "ashe tawa tana can tana juya min kunci wajen bango. Da kin zo a lokacin, cikewa kawai za a yi."

Ya je ya kira likitar sashen, Dakta Kulsum, wata mace gajera mai tabarau da saurin magana. Daga nan abubuwa suka riƙa tafiya kamar an tsara su. Aka ɗauki hoton haƙorin, aka ɗebi jinina aka kai ɗakin gwaji, aka auna zafin jikina. Ta aika aka kira ma'aikaciyar sashen ido daga can ƙarshen baranda, ta zo ta buɗa idon ta haska, ta ce in bi yatsanta, ta ce har yanzu lafiyarsa ƙalau amma kada a ɓata lokaci. Aka tanadar min gado a ɗakin mata don ƙarin ruwa da allurai. Baba ya ce shi da ya ɗauka sashen haƙori kujera ɗaya ce da mutum ɗaya.

Da Dakta ta ce haƙorin ya riga ya mutu, dole a cire shi a tsiyaye mugunyar, Inna ta miƙe tsaye ta kama hannuna ta ce mu tahi. Dakta ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujera ta zaunar da ita, ta ɗaga hoton ta nuna mata saiwar haƙorin, da baƙin wurin da mugunya ta taru a kanta, ta kuma ɗora yatsa a kuncinta ta nuna inda gurbin ido yake.

"Inna, kin yi gaskiya, haƙorin sama da ido maƙwabta ne. Amma babu jijiyar da ta ɗaure su. Mugunyar da aka bari ce take haurawa, ko dattin ƙarfen da aka yi aiki da shi. In muka bar wannan a ciki, shi zai ci idon."

Inna ta ba ta labarin Talatu tun daga farko. Dakta ta saurara har ƙarshe, ta ce ba ta wurin don haka ba za ta rantse ba, amma abin ya yi kama da haka. Rilwanu ya roƙi Inna ta biyo shi, ya nuna mata wata tukunyar ƙarfe mai murfi da ake turara kayan aiki a ciki, ya buɗe mata ƙunshin da za a yi min aiki da shi a gabanta. Ta leƙa, ta taɓe baki ta ce ashe ku ma da turiri kuka aiki. Sai ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki tsaya a kanta, ki riƙe hannunta. In an gama ki gwada idon da kanki."

Haka aka yi. Sai bayan la'asar, da ruwan da aka ƙara min da allurai suka ɗan saki muƙamuƙin, aka kwantar da ni a kujerar. Aka yi allurar kashe zafi, Dakta tana aiki, Rilwanu yana miƙa mata kaya bai yarda mun haɗa ido ba, Inna ta damƙe hannuna tana karanta duk addu'ar da ta sani. Na ji ana turawa, na ji wani ƙas, shi ke nan. Ciwon hannuna da ta matse ya fi na haƙorin. Ana gamawa ta rufe min idon dama da tafinta, ta ɗaga yatsu ta ce nawa. Da auduga a baki na ce uku. Ta sauya, na ce biyar. Ta ce to, ba ta dai yarda ba tukuna.

Kwana biyu na yi a asibiti, Inna tana kan tabarma gefen gadona, ta ƙi komawa gida. Ranar Laraba da hantsi tana ɓare min lemu ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, ko mutum nawa ta sallama gida da ciwonsu tana ce musu sun warke. Na ce ba ta taɓa cutar kowa da gangan ba, kuma Dakta da kanta ta ce kanumfari da ruwan gishiri suna rage zafi. Ta ce rage zahi daban, magani daban, kada in lallashe ta kamar yarinya.

Rilwanu yana leƙowa a lokacin hutunsa. Fushinsa bai kai yamma ba. Ya turo min saƙo yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, wai giɓin ma zai yi min kyau, in kuma ban so akwai haƙorin sawa in wurin ya warke, amma sharaɗi, daga yau in zai zo zance ta hagu zai zauna.

Ranar Alhamis da za a sallame mu kumburin ya saɓe. Inna ta zaro allurar da kullum take soke a ɗankwalinta, ta ciro zare daga bakin zaninta, ta rufe min idon dama ta ce in zura. Rilwanu da Baba suna tsaye, har matan gadajen kusa sun miƙo wuya. Na farko na kuskure. Na biyu zaren ya lanƙwashe. Na lashi bakin zaren, na yi bismilla, ya wuce. Ta karɓi allurar ta mayar ɗankwali, ta share ido da gefen mayafi, ta ce ƙurar asibiti ta yi yawa. Game da aure kuwa ba ta ce uffan ba, ni ma ban yi gigin tambaya ba.

Yau Asabar. Da safe ina shara wata mata daga Gehuru ta yi sallama, hannu a kunci, ta ce wurin Inna mai hayaƙi aka kwatanta mata. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Inna ta dubi mazurarin da ke rataye a bango, ta dubi matar. Sannan ta shiga ɗaki. Da ta fito, atamfar nan ce a jikinta, wadda ta ce a aje, ashe ta ba da an ɗinka ban sani ba. Ta ce wa matar hayaƙi ya ƙare a gidan ga, ta tashi ta raka ta Jega da kanta.

A bakin zaure ta juyo ta ce min, "Ki hwaɗa ma mai filaya ina tahe. Akwai wani haƙorina na ƙasa da ya shekara bakwai ban tauna da shi ba. In hannunshi na da sauƙi, manyanshi su zo."

Shekara bakwai, muna ɗaki ɗaya, ban taɓa sani ba. Ashe ɓoyon ma gado na yi.

Tun da suka tafi nake zaune a bakin gadonta da waya a hannu, na kasa ko karyawa. Yanzun nan ina cikin rubuta muku wannan saƙonsa ya shigo, hoto ne. Inna a kan kujerar nan, ɗaurin ɗankwali ya karkace, baki a buɗe, ta damƙe wuyan hannunsa da hannu biyu. A ƙasa ya rubuta:

"Ta ce in ta ji zafi an fasa. Ko taɓa ta ban yi ba tukuna. Ki taya ni da addu'a."

Na yi dariya har mamata ta leƙo daga ɗakinta ta ga ko lafiya. Sai da ta koma na lura mayafina yana can kan igiya, kuma hannuna bai je bakina ba.